Kilisa: Yadda Sunan Motsa Doki Ya Koma Rigar Tuƙin Ganganci

A cikin gargaɗin da rundunar 'yan sandan jihar Kano ta yi wa jama'a a lokutan sallah na shekarar 2025, lokacin da aka dakatar da hawan sallah bisa dalilan tsaro ana tsakiyar taƙaddamar sarautar Kano, an jera kilisa a sahu ɗaya da tseren mota da tuƙin ganganci, a matsayin abubuwan da duk wanda aka kama yana yi zai gamu da fushin hukuma. Mutane da yawa sun ji wannan jeri bai ba su mamaki ba, domin a kunnen matashin birni na yau kilisa da wasa da mota da tayar da ƙura a titi duk tafiyarsu ɗaya. Amma wanda ya fara jin kalmar daga bakin masu kiwon doki zai san cewa ta yi doguwar tafiya kafin ta iso cikin jerin laifuffuka, kuma ina ganin bin sawun wannan tafiya zai nuna mana wani abu game da yadda muke kallon haɗarin hanya da yadda muke yi wa masu jawo shi uzuri.

Asalin kilisa aiki ne na kula da dabba. Doki ba ya jure zaman wuri ɗaya. Idan aka bar shi ɗaure a turke kwana da kwanaki yana cin harawa da dusa da hatsi ba tare da ya motsa jini ba, sai ƙafafunsa su yi nauyi, cikinsa ya ɓaci, ya tara ƙibar da ba ta da amfani, halinsa kuma ya canja har ya soma harbi da cizo. Saboda haka mai doki, ko yaron bargar da aka ɗora wa wannan nauyi, yakan fitar da shi da sanyin safiya ko da la'asar sakaliya, ya bi da shi bayan gari inda babu cunkoso, ya fara da tafiya a hankali, ya shiga sassarfa, idan wuri ya ba da hali ya sake masa linzami ya ɗan yi sukuwa, sannan ya juyo da shi sannu a hankali domin gumi ya tsane kafin a kai shi ga ruwa. Wannan fita ita ce kilisa. Mahayin yana jin daɗinta, babu shakka, yana shan iska kuma mutane suna ganinsa, amma amfanin farko na dokin ne, kuma wanda ya dawo da doki yana ɗingishi ko yana haki kamar zai faɗi ya san zai sha faɗa a wurin ubangidansa, wataƙila ma a karɓe ragamar daga hannunsa.

Wannan tarbiyya ta samo ƙarfi ne daga matsayin da doki yake da shi a ƙasar Hausa. Da shi aka yi yaƙi, da shi aka yi mulki, kuma sunayen sarautu da yawa suna ɗauke da shaidar haka har gobe: Madaki ko Madawaki, Ubandawaki, Sarkin Dawaki Mai Tuta, Sarkin Dawakin Tsakar Gida, da Shamaki wanda bargar sarki take ƙarƙashin kulawarsa. Hawan Daushe da Hawan Nassarawa da Hawan Fanisau da Hawan Ɗorayi a Kano, da hawan bariki a Katsina da Zazzau, da hawan sallar Damagaram, duk ba za su yiwu ba sai da watannin kilisa da ba wanda yake gani, domin dokin da bai saba da sirdi da likkafa da hayaniya ba ba ya shiga taron dubban mutane ya fita lafiya. A watan Disamba na shekarar 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ake taƙama da su, kuma abin da 'yan kallo suka fi tunawa a cikinsa shi ne jafi, wato lokacin da mahaya suke zaburo dawakai a guje su nufo inda sarki yake, sannan su ja linzami su yi zamiya su tsaya cak a gabansa su jinjina. Abin lura a nan shi ne inda ake auna gwanintar. Kowa zai iya zaburar doki, amma wanda ake yaba wa shi ne wanda ya tsayar da shi a inda ya kamata, bai wuce ba, bai taka kowa ba. Mahayin da dokinsa ya ƙwace masa a gaban sarki ya kunyata kansa da gidansu.

Hausa tana da kalmomi da dama da suke maƙwabtaka da kilisa, kowacce da inda ta tsaya. Sukuwa gudu ne na doki, tsere kuma gasa ce da ake neman wanda zai riga isa. Shan iska fita ce ta hutawa ko da a ƙafa ne, zagaye na iya zama na aiki, shawagi an fi jinsa ga tsuntsu da jirgin sama, yawo kuwa yana iya zama na alheri ko na gantali. Kilisa ta bambanta da su duka domin ta haɗa abubuwa uku: akwai abin hawa, babu wurin da aka nufa, kuma akwai jin daɗi tare da ɗan nuna kai. Shi ya sa da keke da babur da mota suka shigo, kalmar ta bi su ba tare da wata wahala ba. Dama harshenmu ya saba aron kayan doki ga sababbin abubuwa. Keke dokin ƙarfe ne, shugaba yana riƙe da ragamar mulki, makamin da ake sarrafawa daga nesa mai linzami ne, mota kuma hawanta ake yi kamar yadda ake hawan doki. Magidancin da ya sayi sabuwar mota ya ɗebi iyalinsa da yamma ya zaga da su gari, ko saurayin da ya wanke kekensa ya ɗaura masa ado ya bi ta ƙofar gidan budurwarsa, idan aka ce sun fita kilisa ba a zarge su da komai ba. Har yanzu akwai dattawan da wannan ma'ana mai tsabta ce kawai suke nufi idan sun furta kalmar.

Inda abin ya sauya shi ne wuraren taro. Yau idan aka ce matasa suna kilisa da motoci ko babura, hoton da yake zuwa zuciya daban ne, kuma kusan kowane mazaunin Kano ko Kaduna ko Katsina ko Sakkwato ko Maraɗi ya taɓa ganinsa. Ana ɗaukar amarya da daddare, motoci sun yi ayari, sai abokan ango su mayar da hanyar gidan miji filin gasa: wannan ya sha gaban wancan, wancan ya hau hannun da ba nasa ba, ana danna oda ba ƙaƙƙautawa, an kunna fitilu duka, 'yan mata sun leƙo da rabin jikinsu ta taga suna guɗa, a shataletale kuma wani ya murɗe sitiyari ya ja birkin hannu motar ta juya tana ƙara taya na hayaƙi. Masu babura suna da nasu salon: a cire salansa domin ƙarar ta cika unguwa, a murɗa totur har ƙarshe, a ɗage ƙafar gaba, a saki hannu, a miƙe tsaye a kan kujera, ko a kwanta a kan tanki, sau da yawa da goyon mutum biyu ko uku kuma babu mai hular kwano. Ana ganin haka ranar sallah, da ranar kammala makaranta, da lokacin kamfe, da ranar da aka bayyana sakamakon zaɓe. Waɗanda suka ga murnar nasarar Muhammadu Buhari a shekarar 2015 a biranen Arewa ba za su manta yadda tituna suka cika da masu wasa da babura ba, da yadda wasu gidaje suka kwana da makoki a daren da maƙwabtansu suke murna.

Ba na cikin masu ganin cewa yaran nan mugaye ne ko kuma ba su da hankali. Abin da yake tunzura su tsohon abu ne, shi ne wanda ya tunzura kakanninsu suka yi sukuwa da dambe da kokawa da sharo: ƙuruciya tana son a gan ta, tana son ta gwada kanta da tsoro ta ga ko za ta yi nasara. Bambancin shi ne waɗancan wasanni suna da fage da lokaci da manyan da suke tsaye a kai, wanda ya wuce gona da iri a tsawata masa. Matashin birnin yau ya tashi ya tarar filayen unguwa an yanka su an yi shaguna, bargar gidansu ta zama gareji, babu aikin yi, abin da ya rage masa na nuna bajinta shi ne kwalta da injin da ke ƙarƙashinsa. Wayar hannu ta ƙara wa wutar fetur, domin a da 'yan kallon wasa da mota su ne waɗanda suke bakin titi a lokacin, yanzu kuwa aboki yana gefe yana ɗaukar bidiyo, kafin gari ya waye an ɗora a TikTok ko Facebook dubbai sun gani sun yaba, wanda ya zo bayansa kuma dole ya ƙara ganganci idan yana son a kula shi. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 abin ya ƙara ɗaukar wani launi, domin ƙona mai a banza ya zama shaidar cewa gidanku da hali. Akwai kuma ƙwaya da sauran kayan maye, waɗanda suke cire ɗan tsoron da ya rage a zuciya.

Sai dai abin da ke ƙarƙashin mahayin ya canja ƙwarai, ko da sunan bai canja ba. Doki halitta ce mai ido da tsoro da son ranta. Idan ya ga rami yakan kauce, idan ya ga bango yakan turje, idan ya gaji yakan rage gudu ko mahayi bai so ba, kuma da wuya dokin gida ya wuce gudun kilomita 50 zuwa 60 a sa'a, shi ma na ɗan lokaci. Wato a kan doki hankali biyu ne suke aiki, idan na mahayi ya gushe na dabbar yana nan. Mota ba ta da wannan. Ƙaramar mota ta haura kilo 1,000, kuma duk inda aka nufa da ita nan za ta tafi. Mai gudun kilomita 50 a sa'a yana cin kusan mita 14 a kowace daƙiƙa, mai gudun 100 yana cin kusan mita 28, ma'ana idan yaro ya faɗo titi, kafin ƙafar direba ta tashi daga totur ta isa birki motar ta riga ta shafe tsawon gidaje biyu ko uku. Bayan an taka birkin ma, idan gudu ya ninka sau biyu tazarar da ake bukata kafin a tsaya ninkawa take sau huɗu, ƙarfin karo shi ma haka. Babu gwanintar da take soke wannan lissafi, kuma da yawa daga cikin motocin da ake wasan da su tsofaffi ne da aka shigo da su bayan sun gama aiki a ƙasashen waje, tayoyinsu sun siɗe, birkinsu gyaran bakin titi ne.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2023 cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ne suke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, cewa haɗarin hanya ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29, kuma nahiyar Afirka ce take da kaso mafi muni idan aka kwatanta da yawan jama'a, duk da cewa ita ce mafi ƙarancin motoci. Fiye da rabin masu mutuwar masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da babur. Doka kuma ba ta yi shiru ba. A Najeriya an kafa hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa tun 1988, ƙa'idar gudu a cikin gari kilomita 50 ce a sa'a, ba a ba wanda bai kai shekara 18 lasisin tuƙi, kuma tuƙin ganganci laifi ne da yake da tara ko ɗauri. Jihar Kano tana da tata hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa, wato KAROTA, tun 2012. Wanda yake son ganin abin da alƙaluman suke nufi ya leƙa asibitin ƙashi na Dala ko gidan kowane maɗori a makon da ya biyo bayan sallah.

Abin da ya fi damuna a wannan al'amari shi ne yadda muke amfani da harshe kafin haɗari da bayansa. Kafin abin ya faru, sunayen da muke ba shi masu taushi ne: kilisa suke yi, wasa ne, murna ce, ƙuruciya ce, ai biki ne. Uba yana ganin ɗansa da bai kai shekarun lasisi ba ya ɗauki makullin mota, sai ya ce bari ya ɗan yi kilisa ya dawo, kuma da wannan kalma ya riga ya sauke wa kansa nauyin hanawa, domin wa zai hana yaro kilisa? Kalmar tana ɗauke da ƙamshin sarauta da barga da yammacin sallah, tana sa abin ya yi kama da gado. Bayan an buge mutum kuma sai mu koma wasu kalmomin masu taushi: tsautsayi ne, ƙaddara ce, kwana ne ya ƙare, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Tsakanin kilisa da tsautsayi babu inda aka ajiye wa ganganci wurin zama, babu inda aka ce wane ya zaɓi ya yi gudun wuce sa'a a hanyar da yara suke tsallakawa. Kalmar farko ta ba da izini, ta biyu ta wanke laifi, shi kuwa wanda aka buge an kai shi makwanci ko an bar shi da sanda.

Imani da ƙaddara gaskiya ne, kuma shi ne yake riƙe zuciyar wanda aka yi wa rashi. Amma addinin da ya koyar da shi bai taɓa mayar da shi mafakar mai sakaci ba. Alƙur'ani ya hana mutum jefa kansa cikin halaka, ya hana tafiya a bayan ƙasa da taƙama, kuma a Suratun Nisa'i ya ɗora wa wanda ya kashe mumini bisa kuskure diyya da kaffara, wadda ga wanda bai sami abin 'yantawa ba azumin wata biyu ne a jere. Idan kuskure tsantsa yana da wannan nauyi, ina ga wanda aka gargaɗa bai ji ba? Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci masu zama a bakin hanya su ba ta haƙƙinta, daga ciki har da kame cutarwa, ya kuma ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Burunai a shekarar 1993, ta yanke cewa bin dokokin hanya wajibi ne a shari'a, kuma direban da ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka yana ɗaukar alhakin abin da ya jawo. Malamanmu sun san wannan duka, sai dai ba kasafai ake jin sa a huɗubar ɗaurin aure ba, wurin da ya fi dacewa a faɗe shi, tun da masu ɗaukar amaryar suna zaune a cikin sahu.

Akwai kuma batun wanda yake biyan kuɗin wannan nishaɗi. Yaron da yake da motar da zai yi wasa da ita galibi ɗan masu hali ne, wanda yake tsallaka titi a ƙasa da daddare kuwa galibi mai talla ne, ko almajiri, ko leburan da ya taso daga aiki, ko tsohuwar da ta fito daga gidan suna. Idan abin ya faru, kafin a yi sadakar uku an turo dattawa da buhun shinkafa da ɗan abin da ya samu, ana roƙon a yafe domin Allah, ana tuna wa iyalan mamaci cewa shari'a ba za ta dawo da shi ba. Yafiya halin kirki ce, kuma haƙƙin magada ne su yafe idan sun ga dama. Abin da nake ƙi shi ne yafiyar da aka matsa wa talaka ya yi domin ya san ba shi da ƙarfin zuwa kotu, da kuma yadda ake ɗauka cewa da zarar iyali sun yafe to hukuma ma ta gama nata. Haƙƙin mamaci daban, haƙƙin sauran masu bin hanyar daban. Yaron da aka gyara masa mota bayan mako biyu aka mayar masa da makulli ya koyi cewa ran mutum yana da farashin da mahaifinsa zai iya biya, kuma zai sake fita.

Kilisar doki ita ma ba ta tsira ba, kuma wannan ne ya sa ta shiga jerin 'yan sanda. A birnin Kano hawan angwanci ya zama ruwan dare: ango da abokansa su yi hayar dawakai, yawancinsu ba su taɓa kiwon doki ba, su shiga lunguna da manyan tituna a guje a kan kwaltar da take zame wa kofato, da zugar matasa a baya, wasu ɗauke da gora da wuƙaƙe. 'Yan daba kan fake da irin wannan taro su rama tsohuwar gaba ko su ƙwace wayoyin mutane, har ta kai mazauna wasu unguwanni idan sun ji ƙarar kofato sai su ja yaransu cikin gida su rufe ƙofa. Dokin haya kuwa shi ne ya fi kowa shan wuya, domin wanda ya biya kuɗin sa'a biyu ba ruwansa da guminsa ko ƙafarsa. Na fahimci dalilin hukuma na hanawa, amma ina jin ciwon yadda hanin yake haɗawa da masu kiwon doki na gaskiya, waɗanda dabbobinsu suke bukatar fita ko ana biki ko ba a yi, da masu sana'ar da ke rataye da su: masu yin sirdi, da dukawa, da maƙeran linzami da likkafa, da masu sayar da harawa. Idan kalma ɗaya ta rufe mai motsa dokinsa da asuba a bayan gari da mai tayar da tarzoma a tsakiyar kasuwa, to na farkon ne zai yi asara, domin shi ne mai bin doka.

Wasu ƙasashe sun gamu da irin wannan matsala, kuma hanyoyin da suka bi suna da abin dubawa. A Saudiyya, inda wasan zamiya da mota da suke kira tafhiɗ ya daɗe yana cin rayukan matasa a Riyad da wasu birane, an tsananta hukunci a shekarar 2016: tarar riyal 20,000 a karon farko, 40,000 a na biyu, 60,000 a na uku, tare da tsare motar. A Afirka ta Kudu kuwa, wasan juya mota da ya taso a unguwannin baƙar fata irin su Soweto an mayar da shi wasa mai rajista da fili mai shinge da ƙa'idoji, 'yan kallo suna biyan kuɗi su shiga. Ina ganin mu muna bukatar duka biyun, kuma na biyun ba baƙo ba ne a wurinmu. Hadisi ya tabbatar da cewa an yi tseren dawakai a Madina, an ware wa waɗanda aka horar tazara mai tsawo, waɗanda ba a horar ba aka ba su gajera, kowanne da mafari da maƙura sanannu. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya shigo da wasan folo ƙasarsa, ɗansa Sarki Usman Nagogo ya shahara a kansa, har Katsina ta zama gidan wannan wasa, kuma manyan biranenmu da dama suna da filin sukuwa tun zamanin Turawa. Abin da aka yi wa doki za a iya yi wa babur da mota: fili a wajen gari, rana sananniya, hular kwano, motar asibiti a gefe, da sharaɗin cewa wanda aka kama yana yi a titi ya rasa lasisinsa da damar shiga filin. Ƙungiyoyin mahaya dawaki kuma a yi musu rajista, a ware musu hanyoyi da lokutan fita, su da kansu su riƙa tsame bara-gurbi.

Kafin gwamnati ta kai ga wannan, akwai abin da yake hannun masu biki. Ayarin kai amarya ba ya tashi sai da sanin iyaye, motocin da ke cikinsa na 'yan uwa da abokan arziki ne, kuma kowa ya san yaran da suka saba wasa da sitiyari a unguwa. Waliyyi yana iya gindaya sharaɗi tun ranar sa rana cewa mota kaza ce za ta kai amarya, a kai ta da sauran haske, dattijo ya shiga motar gaba, babu mai wuce ta, kuma duk wanda ba shi da lasisi ba zai riƙe makulli ba. Na ga gidajen da suke yin haka, ban kuma ji an ce aurensu ya rasa armashi ba. Uwar amarya ma tana da bakin magana, domin 'yarta da ƙawayenta ne a cikin motocin. Masu unguwanni da limamai za su iya mayar da wannan sharaɗi al'adar unguwa, kamar yadda wasu garuruwa suka taru suka rage tsadar lefe da kayan gara, sannan a sanar da shi a bainar jama'a tare da sadaki a wurin ɗaurin aure, yadda abokan ango za su ji shi da kunnensu kafin su taɓa mota.